Yadda ake kula da batirin waya a zafin Legas da wutar da ba ta da alkawari

Duk wanda ya taɓa ɗan zama a rumfar mai gyaran waya a Agege, ko a Computer Village da ke Ikeja, ya sha jin irin ƙorafin nan: mutum ya zo da wayarsa yana cewa batirinta ba ya riƙe caji, alhali ɗan'uwansa da suka sayi irinta rana ɗaya a shago ɗaya yana wuni da tasa har bayan sallar isha'i bai nemi caja ba. Abin da ya fi saurin faɗo wa mai ƙorafin a rai shi ne an cuce shi, an ba shi jabu. Hakan yana faruwa, kuma za mu zo kansa, amma a mafi yawan lokuta batiran biyu da ƙarfi ɗaya suka baro masana'anta, hannun da kowanne ya faɗa ne ya bambanta. Idan ɗaya direban Bolt ne da ke wuni tsakanin Ikeja da Lekki da taswira a kunne, wayar tana maƙale a jikin gilashin mota rana tana dukanta, ɗayan kuwa yana zaune a shagon yadi a Balogun ƙarƙashin fanka, aikin wayarsa amsa kira da saƙon WhatsApp, to ruwa bai yi tsami banza ba.

Kafin kowace shawara, akwai abubuwa biyu da mutane suke cakuɗawa waɗanda ya kamata a raba su. Na farko shi ne tsawon awannin da caji ɗaya yake kai mutum a yini, na biyu kuwa shi ne yawan cajin da batir yake iya ɗauka bayan ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aiki, wato abin da ake kira lafiyar batir. A ɗauki jarkar mai ruwa mai cin lita 25. Daɗewar ruwan cikinta ta danganta da gidan da aka kai ta, domin gidan mutum biyu ba ɗaya yake da gidan mutum goma ba, kuma wannan shi ne misalin na farko. Na biyun kamar a ce jarkar ce da kanta take motsewa a hankali, har wata rana a cika ta fal amma lita 20 kaɗai ta ci. Wayar za ta nuna maka 100 bayan caji, kuma ba ƙarya ta yi ba, sai dai 100 ɗin ta ƙaramar jarka ce. Mai matsala ta farko zai iya gyara ta a yau ta hanyar saitin wayarsa, mai ta biyun kuwa babu saitin da zai dawo masa da abin da ya tafi, iyakarsa ya rage saurin lalacewar ko ya sauya batir.

Abin da ke tsufar da batir

Wayoyin zamani, daga itel mai araha zuwa iPhone mafi tsada, batirin litiyom suke amfani da shi, irin wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma dominsa ne aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2019. A cikinsa ƙwayoyin litiyom suna kai da komo tsakanin ɓangarori biyu: caji ya kora su gefe ɗaya, amfani da wayar ya dawo da su. A kowace tafiya wasu 'yan kaɗan sukan maƙale ba su sake aiki ba, saboda haka babu batirin da ba ya tsufa, ko da a cikin kwali aka ajiye shi.

Masu ƙera waya da zagaye suke lissafin shekarun batir. Zagaye ɗaya yana cika ne idan cajin da ka kashe ya tasar wa kashi 100 a jimlace, ba a duk lokacin da ka jona waya ba. Wanda ya kashe kashi 60 yau, ya cika wayar da dare, gobe ya kashe kashi 40, zagaye ɗaya ya yi a kwana biyu. Kamfanin Apple ya ce an tsara batiran iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan zagaye 500, na iPhone 15 da waɗanda suka biyo ta kuwa bayan zagaye 1,000, idan an yi amfani da su a yanayi mai kyau. Mu ɗauki 500 ɗin nan mu yi lissafi da mutanenmu biyu. Direban da yake kashe caji ɗaya da rabi kullum zai cika zagaye 500 a kwana 333, wato wata goma sha ɗaya ke nan. Mai shagon yadin da yake kashe kashi 60 a yini sai ya yi kwana 833, wato shekara biyu da wata uku da 'yan kwanaki, kafin ya isa wurin. Tun ba a yi maganar zafi ko caja ba, tazarar da ke tsakaninsu ta haura shekara guda.

Zafi ne babban abokin gaba

Idan mai karatu abu ɗaya kaɗai zai ɗauka daga wannan rubutu, to ya ɗauki maganar zafi, domin a ganina ita ce ta fi kashe batira a Legas fiye da duk sauran dalilai. Zafi yana hanzarta lalacewar sinadaran da ke cikin batir, kuma ɓarnar da ya yi ba ta komawa bayan wayar ta huce. Apple ya bayyana cewa yanayin da ya fi dacewa da wayoyinsa shi ne tsakanin digiri 16 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas, kuma barin su a zafin da ya haura digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. Wannan ba na iPhone kaɗai ba ne, tunda sinadaran iri ɗaya ne da na Tecno da Infinix da Samsung. To ga Legas nan, inda zafin rana a watannin Fabrairu da Maris yake kaiwa digiri 33 a inuwa, ga kuma gumi da ba ya barin jiki ya sha iska. Ma'ana, wayar da ke aljihun ɗan Mile 12 tana dab da iyaka tun kafin ya kunna ta, ƙaramin aiki ne zai tsallakar da ita.

Hanyoyin da waya ke ɗaukar zafi uku ne, kuma ɓarnar ta fi muni idan sun haɗu: zafin waje, zafin aikin da take yi, da zafin caji. Direban da ya maƙale a gosulo a kan Gadar Third Mainland da tsakar rana ya haɗa duka ukun, domin rana tana ratsa gilashi tana dukan wayar, taswira da data da hasken fuskar waya suna aiki gadan-gadan, ga igiyar caji a jone. Irin wannan mutum ba zai bar taswira ba tunda da ita yake cin abinci, amma zai iya sauke maƙalar wayar daga gilashi zuwa bakin mafitar iskar sanyi idan motar tana da ita, ko aƙalla zuwa inda rana ba ta kaiwa, sannan ya riƙa cire caja idan batir ya kai kashi 80, ya mayar idan ya sauko wajen 40. Haka ma direban tirela da ke jiran layi a Apapa, kada ya bar waya a gaban mota ya fita, domin motar da aka rufe a rana zafin cikinta yana zarce na waje nesa ba kusa ba.

A gida kuwa abubuwan kiyayewa ƙanana ne. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, a ɗora wayar a kan tebur ko siminti inda zafin zai samu hanyar fita. Idan rigar wayar mai kauri ce, irin ta roba ko mai murfi, a cire ta lokacin caji. Kada a haɗa caji da wasan bidiyo ko doguwar hira ta bidiyo, kuma duk lokacin da bayan wayar ya yi zafin da hannu ba ya jin daɗin riƙe ta, a cire caja a ajiye ta a inuwa na minti goma. Na ga masu jefa waya a firji don ta huce da wuri. Wannan kuskure ne, domin sanyin gaggawa yana tara raɓa a cikin wayar, musamman a gari mai damshin iska irin Ikko, sai a gudu daga ciwo ɗaya a faɗa wani.

Caji tsakanin ƙa'ida da halin wutar Nepa

Shawarar da ta fi yawo ita ce a riƙe batir tsakanin kashi 20 da kashi 80, kuma tana da tushe. Batirin litiyom ya fi wahala a bakin iyakokinsa biyu, wato idan ya cika fal da kuma idan ya ƙare ƙaf, kuma abin da ya fi cutar da shi shi ne ya daɗe a kan 100 cikin zafi. Saboda haka ne masu ƙera waya suka sa hanyoyin rage wannan zaman. Tun 2019 iPhone tana da saitin da yake tsayar da caji a kashi 80 cikin dare, sai daf da lokacin da mai ita ya saba tashi ta ƙarasa, kuma daga iPhone 15 ana iya hana ta wuce 80 gaba ɗaya. Wayoyin Samsung suna da kariyar batir da take tsayar da caji a kashi 85 a tsofaffin manhajoji, ko 80 a sababbi. Duk wanda wayarsa take da irin wannan saiti zai same shi a sashen batir.

Sai dai waɗanda suka tsara wannan ƙa'ida suna zaune ne a inda soket ba ya ƙarya. A nan kuwa, tun da aka kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni, 'yan rukunin A ne aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a yini, kuma su ne aka ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, alhali alkawarin 'yan rukunin D awa 8 ne, na E kuwa awa 4. Mutumin da ke ƙarƙashin kamfanin raba wuta na Ikeja Electric ko na Eko a irin waɗannan unguwanni, wanda aka kawo wa wuta ƙarfe biyun dare kuma bai san ranar da za ta dawo ba, idan ka ce masa ya tsaya a 80 ka ba shi shawarar da ba ta san halin da yake ciki ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ra'ayina shi ne mai wadatacciyar wuta, ko mai sola, ko mai aiki kusa da soket, ya kunna iyakar 80, domin ba abin da zai rasa. Wanda wutarsa ba ta da tabbas ya cika wayarsa zuwa 100 ba tare da fargaba ba, amma ya kiyaye abu biyu: ya cire ta idan ta cika maimakon ya bar ta a jone cikin ɗaki mai zafi har rana ta take, kuma ya daina barinta tana mutuwa da kanta. Ya fi sauƙi a kiyaye iyakar ƙasa fiye da ta sama, tunda ɗan cajin minti goma sha biyar a shagon maƙwabci ya isa ya ɗaga waya daga 15 zuwa inda hankali zai kwanta.

Wannan ya kawo mu ga wasu tsofaffin maganganu da har yanzu ake gadonsu. Akwai masu cewa sabuwar waya sai an yi mata cajin awa takwas kafin a kunna, akwai masu cewa sai batir ya mutu sarai kafin a jona shi, in ba haka ba zai saba da ɗan caji. Waɗannan maganganu sun samo asali daga zamanin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, lokacin da wayoyi irin Nokia 3310 suke zuwa da batirin nikel, wanda halinsa daban ne. Batirin litiyom ba shi da wannan sabo, hasali ma ɗan caji kaɗan-kaɗan ya fi masa alheri fiye da a kwashe shi ƙaf a sake cikawa. Maganar da ake yi cewa barin waya a caji cikin dare yana sa ta cika ta tumbatsa ita ma ba haka take ba, domin wayar tana yanke wuta da kanta idan ta cika. Illar kwana a caji ita ce daɗewa a kan 100 da kuma zafi, ba tumbatsa ba.

Caji mai sauri, irin na wat 33 ko 45 ko 68 da ake tallata wayoyi da shi, ya fi mai jinkiri kawo zafi, amma masu ƙera wayar sun tsara shi ya yi gudu a farko sannan ya rage idan batir ya doshi cika, shi ya sa kashi 20 na ƙarshe yake jan lokaci. Ga mai wutar awa biyu wannan ni'ima ce, ya yi amfani da ita. Ga mai caji cikin dare kuwa, idan wayarsa tana ba da damar kashe saurin, gara ya kashe, tunda ba inda za shi.

Caja, janareta da masu caji

Araha ba ta ado, kuma babu inda wannan ya fi tabbata kamar a kan caja. Kan caja na ƙwarai yana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, kamar yadda ake rubutawa a jikinsa, yana tace ta ya miƙa wa waya daidai gwargwado, shi ya sa yake jure wutar da ta yi ƙasa. Na jabu kuwa an cire masa kayan tacewa da na kariya don a rage kuɗi, sai ya riƙa tura wa waya wuta mai rawa. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: ba shi da nauyi a hannu, yana yin zafi fiye da kima, wani lokaci yana ɗan ƙara, kuma idan an jona shi fuskar waya takan riƙa taɓa kanta ko ta ƙi bin yatsa. Duk cajar da ta nuna haka a rabu da ita. Igiyar ma tana da nata, domin siririya ko wadda ta karye a wuya tana rage gudun caji, kuma sau da yawa abin da ake ɗora wa batir laifin igiya ne, ko ƙurar aljihu da ta toshe ramin caji.

Haɗarin wutar gari yana zuwa ne a lokacin da aka dawo da ita, domin a daƙiƙun farko takan zo da ƙarfi. Idan an ɗauke wuta a zare caja daga soket, idan an kawo a dakata minti biyu zuwa uku kafin a jona. Ƙaramin janareta ma haka: a bari ya daidaita bayan an tayar da shi, kuma da zarar an ji ya fara shessheƙar ƙarewar mai a zare wayoyi tun bai mutu ba.

Mutanenmu da yawa a Alaba Rago da Idi-Araba da Mile 12 wurin masu caji suke kai wayoyinsu, kuma sana'a ce da take rufa wa jama'a asiri. Wanda zai kai tasa ya tafi da cajarsa da igiyarsa, ya duba ko wayoyin an jibge su kan juna a cikin akwati ne ko an baza su inda iska take ratsawa, sannan ya koma ya karɓa da zarar ta cika, kada ya bar ta daga safe har magariba. Su kuma masu sana'ar, ɗan tazara tsakanin wayoyi da ƙaramar fanka ba za su ci musu wani kuɗi ba.

Game da fawa banki, lambar da ke jikinsa tana ruɗin mutane. Mai 20,000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka) ba zai cika waya mai 5,000 sau huɗu ba, domin wani kaso yana salwanta wajen sauya ƙarfin wutar da kuma zafi, abin da yake isa waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, wato caji biyu da rabi ko kusa da haka. Na gaskiya mai wannan girma nauyinsa yana haura giram 300, saboda haka idan aka miƙo maka wani ɗan ƙarami mara nauyi da lamba mai ban tsoro, ka san inda aka dosa. Mai tafiya Kano ko Sakkwato ta jirgin sama kuma ya tuna cewa a jakar hannu ake riƙe shi, ba a saka shi cikin kayan da ake aunawa.

Abin da ke shanye cajin yini

Fuskar waya ce kan gaba. Mai aiki a fili, kamar mai sayar da tumatir ko mai POS a bakin titi, dole wayarsa ta ƙure haske kafin ya ga rubutu, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba shi da mai zaman ofis da awanni. A bar hasken ya riƙa daidaita kansa, a rage lokacin da fuskar take ɗauka kafin ta mutu zuwa daƙiƙa 30. Wayoyin da fuskarsu take sabunta hoto sau 90 ko 120 a daƙiƙa ana iya mayar da su 60, za a ga bambanci a caji. Saitin da ke mayar da fuskar waya baƙa yana rage cin batir a wayoyi masu fuska irin ta AMOLED, domin a cikinsu wurin da yake baƙi a kashe yake, amma a masu fuska irin ta LCD fitilar baya tana kunne ko da wane launi aka sa, don haka ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Na biyu shi ne sabis, kuma wannan mutane ba su cika lura da shi ba. Idan sabis ya yi rauni, waya takan ƙara ƙarfin da take kiran eriya da shi, kamar mai ɗaga murya don na nesa ya ji. Mai shago a can cikin lungun kasuwa, ƙarƙashin bene ko cikin kwantena, wayarsa tana wannan ihun tun safe har yamma ko da tana aljihu. Yawancinmu kuma layi biyu muke riƙewa, ko wanne yana neman tasa eriyar. Idan ɗaya daga cikin layukan ba ya kamawa a wurin aikinka, ka kashe shi a saitin har ka tashi. Haka batun 5G, wanda MTN ya fara a 2022, Airtel kuma a 2023: a unguwar da bai zauna sosai ba waya takan yi ta tsalle tsakaninsa da 4G, gara a tsayar da ita a kan 4G. Wanda yake raba wa abokai data daga wayarsa shi ma ya san cewa da cajinsa yake biya.

Na uku manhajoji ne. Bidiyo na TikTok da Facebook da YouTube, da kiran bidiyo na WhatsApp zuwa gida, da taswira, su ne manyan maciya. Maimakon zato, a shiga sashen batir a saitin, a nan wayar take jera manhajojin da suka fi cin caji, kuma idan aka ga wadda ba a buɗe ba tana sama, a hana ta aiki a bayan fage ko a goge ta. Yawan share manhajojin da aka buɗe kwanan nan ba ya ƙara komai, domin sake tayar da su daga farko ya fi cin wuta, kuma manhajojin da suke alkawarin sanyaya waya ko ninka caji yawancinsu talla kawai suke nunawa.

Yadda za ka san halin da batirinka yake ciki

Mai iPhone zai ga lafiyar batirinsa da lamba a sashen batir. Apple ya sa wannan ne a 2018, bayan ya amsa a ƙarshen 2017 cewa yana rage gudun tsofaffin wayoyi masu gajiyayyen batir don kada su riƙa mutuwa ba zato. Idan lambar ta sauka ƙasa da 80, lokacin sauyi ya yi. Mai Samsung zai iya gwada nasa a manhajar Samsung Members. Wayoyin Android da yawa ba sa nuna lambar a fili, amma manhaja irin AccuBattery tana ƙiyastawa bayan an yi caji da ita sau da dama. Ko babu manhaja ma akwai alamu: waya ta faɗo daga 30 zuwa 10 cikin ƙiftawar ido, ko ta mutu alhali tana nuna saura kashi 20, ko ta cika cikin ɗan lokacin da ba ta saba ba sannan ta ƙare haka nan.

Mai sayen waya tokumbo ya ƙara buɗe ido. Akwai masu taɓa na'urar batirin tsohuwar iPhone don ta nuna 100 alhali ya gaji, saboda haka wayar da ta shekara huɗu a duniya tana nuna 100 abar tambaya ce. A duba tarihin kayan gyara a saitin, domin wayar takan faɗa idan an sa mata batirin da ba ta gane ba. Sannan a roƙi mai shago ya bari a kunna bidiyo da cikakken haske na minti goma, a ga kashi nawa zai sauka da irin zafin da za ta yi, kuma a nemi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti.

Idan sauyi ya zama dole, cibiyar gyara ta kamfanin wayar ta fi aminci, kamar Carlcare ga masu Tecno da Infinix da itel. Wanda zai je wurin mai gyara na kasuwa ya nemi ganin batirin kafin a ɗaura, ya guji wanda aka rubuta masa ƙarfin da ya zarce na asali da yawa alhali girmansu ɗaya, ya kuma tambayi kwana nawa za a ba shi idan bai yi ba.

Kumburi kuwa ba abin jira ba ne. Idan murfin baya ya fara ɗagawa, ko fuskar ta turo daga gefe, ko wayar ta daina kwanciya daidai a kan tebur, iskar gas ce ta taru a cikin batirin. Kada a danne shi, kada a huda shi da allura don ya sace, kada a sake jona shi, domin batirin litiyom da aka huda yana iya kamawa da wuta nan take. A kashe wayar, a ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da galan ɗin fetur, a kai ta wurin gyara a ranar. Tsohon batirin kuma kada a jefa shi a shara inda za a ƙona ko yara su tsinta, a bar wa mai gyara. Wanda zai tafi gida hutun Sallah ko noman damina ya bar wata waya a ɗakinsa na Legas, ya yi mata caji zuwa rabi, ya kashe ta, ya ajiye ta a wuri mai sanyi nesa da rufin kwano, idan kuma zamansa zai kai wata shida, ya sa wani ya sake ɗaga ta zuwa rabi.